"A Sallami Koci!": Shin Sauya Mai Horarwa Yana Gyara Ƙungiya?

Wasa biyu ake yi a rana ɗaya a gidajen kallon ƙwallo na Sabon Birni da Isa, a gabashin Sakkwato. Na farko shi ne na minti casa'in da ake gani a talabijin. Na biyu kuwa sai alƙali ya hura usur ɗin tashi, mai gidan kallo ya kashe janareta, matasa sun fito sun kewaye teburin mai shayi, sannan ake fara shi. A nan ake zaman shari'a, kuma kusan kullum mutum ɗaya ake gurfanarwa: koci.

Idan Manchester United ta sha kashi, za ka ji ana cewa, "Wanga koci ya ƙare, a sallame shi kawai!" Wani ya karɓe: "Kai ɗan'uwa, mi yas sa yaf fidda yaron ga, alhali shi kaɗai ka gudu cikin hili?" Idan an yi sa'a akwai wani mai ɗan shekaru a kan benci, sai ya tsoma baki: "Ku yara ba ku da haƙuri. Ferguson shekara nawa yay yi kahin ya ci kohi?" A farkon kaka kuwa kowa malamin duba ne. 'Yan Arsenal su ce bana tasu ce, 'yan Chelsea su lissafo sababbin 'yan wasan da aka saya, 'yan Madrid da na Barcelona su kama nasu rikicin.

Wannan ɗabi'a ba ta Gobirawa ba ce su kaɗai. A Amurka, inda suke da tasu ƙwallon da aka fi riƙewa da hannu, ƙungiyoyi 32 ne ke gasar NFL, kowacce ta buga wasa 17 a kaka. Litinin ɗin da ke biyo bayan wasannin ƙarshe ta yi ƙaurin suna wajen korar masu horarwa, har ana ce mata Baƙar Litinin. Ko'ina dai magoya baya sun yarda cewa idan ƙungiya ta rikice, sauya koci ne magani. Masana lissafi da tattalin arziki sun daɗe suna auna wannan magana, kuma abin da suka gano bai yi wa masu ihun kora daɗi ba.

Abin da ido ke gani

Dole a yi wa magoya baya adalci, domin suna da hujja. A watan Disamba na 2018 Manchester United ta kori José Mourinho, ta ɗauko Ole Gunnar Solskjaer a matsayin riƙon ƙwarya. Ya ci wasanni takwas na farko a jere. A watan Maris na 2019 ya je birnin Paris ya fitar da PSG daga gasar Zakarun Turai da ci 3 da 1. Kafin watan ya ƙare an ba shi aikin dindindin. Duk wanda ya ce a lokacin ba koci ne ya kawo sauyin ba, dariya za a yi masa.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A wasanni 12 da suka rage bayan na Paris, biyu kacal United ta ci. Everton ta zura mata huɗu ba ko ɗaya, Cardiff da ta riga ta faɗi daga gasar ta doke ta a Old Trafford ranar ƙarshe, ta gama kakar a mataki na shida. Kocin bai sauya ba, 'yan wasan ma su ne. To, me ya tashi, me kuma ya sauka?

Komawa matsakaici

A ƙarni na 19 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya auna tsayin iyaye da na 'ya'yansu. Ya lura cewa iyaye masu tsananin tsawo sukan haifi dogaye, amma galibi ba su kai iyayen ba. Gajeru ƙwarai kuma 'ya'yansu sukan ɗan fi su. Daga nan aka fahimci wata ƙa'ida: duk abin da ya haɗa ƙwarewa da sa'a, idan ya kai maƙura a sama ko a ƙasa, abin da zai biyo baya yakan matso kusa da yadda aka saba.

Manomin gero a gefen gulbin Rima ya san wannan ko bai shiga aji ba. Gonar da ta saba ba shi dami arba'in, idan aka yi shekarar fari ta ba shi goma sha biyar, baɗi da wuya ta sake yin wannan munin. Idan a tsakanin nan ya sallami ɗan ƙwadagonsa ya ɗauki wani, gona ta koma dami arba'in, zai iya rantsewa sabon yaron ne mai albarka, alhali ruwa ne ya dawo daidai.

Ba a korar koci sai ƙungiya ta kai ƙasan rami: an yi rashin nasara huɗu ko biyar a jere, manyan 'yan wasa suna jinya, an haɗu da ƙungiyoyi masu ƙarfi bi da bi, ƙwallo tana ta bugun turke. Irin wannan taron tsautsayi ba ya ɗorewa. Masu rauni za su warke, jadawali zai yi sauƙi, wadda ta bugi turke jiya gobe za ta shiga raga. Sabon koci yana isowa daidai lokacin da al'amura za su daidaita, sai ya kwashe yabo.

Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi diddigin gasar ƙasarsu daga 1986 zuwa 2004. Ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci bayan sun shiga mummunan yanayi da waɗanda suka shiga irin yanayin amma suka yi haƙuri da nasu. Duka ɓangarorin biyu sun farfaɗo, kuma farfaɗowar tasu ta yi kama da juna. Bincike a wasu ƙasashen Turai ya kai ga sakamako makamancin wannan.

Abin da ya sa sa'a ke da ƙarfi haka a ƙwallon ƙafa shi ne ƙarancin ƙwallayen da ake ci. A Firimiyar Ingila kusan ƙwallo uku ake ci a wasa, idan aka haɗa na ɓangarorin biyu. Bugun fenariti ɗaya, jan kati ɗaya, ko satar gida da na'urar VAR ta kama da tsinin takalmi, ya isa ya juya maki uku. Shi ya sa masu nazarin wasa a yau suka fi duba yawan damar da ƙungiya ta samar da kyawunta, da wadda ta bari aka samu a kanta. Wasa biyar bai isa a yanke wa kowa hukunci ba.

Ina kuɗi, ina koci?

Idan aka ɗauki shekaru masu yawa, sa'a takan wanke kanta, sai ainihin ƙarfi ya fito. Stefan Szymanski, wanda ya rubuta littafin Soccernomics tare da Simon Kuper a 2009, ya nuna cewa a Ingila kuɗin albashin 'yan wasa ne ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayin ƙungiyoyi a teburi, idan aka auna tsawon shekaru. Mai biyan albashi mai tsoka shi ke tara gwanaye, gwanaye kuma su ke cin wasa. Ɗan abin da ya rage ne koci, da likitoci, da masu farautar 'yan wasa, da shugabanni suke rabawa.

Wannan ragowar ma ba a hannun koci kaɗai take ba. Tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, United ta gwada Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag da Amorim. Mutane ne masu salo daban-daban, wasunsu sun ci manyan kofuna a wasu wurare, kuma an kashe kuɗi kamar ba gobe. Duk da haka a kakar 2024/25 ta ƙare a mataki na 15. Idan mutum shida suka zauna a kujera ɗaya suka kasa, ya kamata a duba masu sayen 'yan wasa da masu ɗaukar kocin. Ci gaba da jifan koci a irin wannan hali barin jaki ne ana dukan taiki.

Mai musu zai kawo Kwaddibuwa. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a farkon 2024, ta kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa bayan Equatorial Guinea ta lallasa ta da ci 4 da nema, Emerse Faé ya karɓa, ya kai ta har ta doke Super Eagles 2 da 1 a wasan ƙarshe. Gaskiya ne. Amma a tuna cewa sai da Maroko ta doke Zambiya sannan Kwaddibuwa ta tsallake rukuni, ta fitar da Senegal a bugun fenariti, ta ci Mali a daƙiƙoƙin ƙarshe na ƙarin lokaci. Faé ya yi aiki, sa'a ma ta yi nata. Muna riƙe wannan labari ne saboda ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ɗaruruwan korar da ba ta haifar da komai ba, ba wanda ke tuna su.

Wannan ba ya nufin koci hoto ne. Akwai ƙalilan da suke ɗaga ƙungiya sama da ƙarfin aljihunta shekara da shekaru, akwai kuma wanda 'yan wasa suka juya wa baya, wanda zamansa ɓarna ne. Sai dai gane gwanin yana cin lokaci. Ferguson ya zo a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, bai ci gasar lig ba sai 1993, daga nan ya tara 13. Da an bi ihun 'yan kallo na wancan lokaci, da ba a san shi ba.

A gida Najeriya

Kano Pillars, wadda take da masoya a duk faɗin ƙasar Hausa, ta ci gasar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Masu horarwa uku ne suka kawo kofunan: Kadiri Ikhana, Mohammed Baba Ganaru da Okey Emordi. Kujerar koci ta sauya hannu, nasara ba ta tsaya ba, domin akwai gogaggun 'yan wasa irin su Rabi'u Ali, kuma filin Sani Abacha ya zama wurin da baƙo ba ya fita da maki uku. A 2022 kuwa Pillars ta faɗi daga gasar, tare da Katsina United. Cikin abin da ya jawo mata har da maki uku da aka cire mata, da hana ta wasa a Kano, bayan tarzomar 'yan kallo a wasanta da Katsina. Wannan asara daga kan benen 'yan kallo ta fito, ba daga bencin koci ba.

A ɗaya gefen ga Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, ƙungiya mai zaman kanta da ke da filinta da makarantar renon yara. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba ta sallami Daniel Ogunmodede ba, a 2025 ta ɗauki kofin a karon farko.

Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Sauyin gwamna yakan zo da sabuwar hukumar gudanarwa, ita kuma ta zo da nata koci. Albashi yakan makara, 'yan wasa su yi tafiyar yini guda ko fiye a mota kafin wasan waje. A irin wannan tsari korar koci ita ce hanya mafi arha ta kwantar da hankalin jama'a, don ba ta buƙatar a biya bashin kowa. Sokoto United, wadda ke wasa a filin Giginya, ta kai zagayen ƙarshe na neman hawa babbar gasa a 2024 amma ba ta samu gurbi ba. Makomarta ta fi rataya a kan kasafin kuɗi da tsarin neman yara fiye da sunan wanda ke tsaye a bakin layi.

A gabashin Sakkwato kuwa akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Rashin tsaro ya sa tafiya tsakanin garuruwa ta zama abin fargaba. Hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi ta daɗe matafiya suna ƙaurace mata, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Ƙungiyar unguwa da ba ta iya zuwa garin maƙwabta ta kara da wasu ba za ta san ƙarfinta ba, mai farautar 'yan wasa kuma ba zai zo inda yake tsoron hanya ba. Kocin irin wannan ƙungiya galibi ɗan sa kai ne, wani lokaci daga aljihunsa ake sayen ƙwallo.

Saboda haka mai son ya yi hasashen kaka da ilimi, ko ta Arsenal ce ko ta Pillars, ya fara da tambayar su wa aka sayar, su wa aka sayo, ana biyan albashi a kan kari ko a'a, wa zai maye gurbin ɗan wasan gaba idan ya ji rauni, kuma ƙungiyar tana samar da damar cin ƙwallo ko dace kawai take yi. Bayan waɗannan ne maganar koci ke shigowa. Ƙungiyoyin Ingila ba sa jin muryar mai kallo daga Isa, amma Sokoto United da kuɗin jama'ar jiha ake tafiyar da ita. Ɗan Sabon Birni yana da haƙƙin ya tambayi hukumar wasanni ta jiha da shugaban ƙaramar hukumarsa nawa aka ware wa ƙwallon matasa, ina gasar ƙananan hukumomi ta kwana, kuma ta wace hanya yaro mai ƙafa daga Gatawa ko Tsamaye zai isa Giginya a gwada shi.