Abin da Ke Mai da Gidan Sarauta Kufai

A ƙauyukan Adar da Majiya, daga Madawa zuwa Buza da Keita, in tsohon gidan sarauta ya zube, ruwan sama ake ɗora wa laifi. Damina kuwa ƙarasawa take yi. Abin da ke kashe irin wannan gida shi ne watsewar hannuwan da ke riƙe da shi. Ginin kansa shaida ne. Da tubali ake tayar da bango, mai kauri a gindi, yana sirancewa sama. Rufi na azarar giginya ne, wadda gara ba ta ci, bakan gizo kuma ya ɗauki nauyin babban zauren da ake zaman fada. Indararo na kore ruwa daga soro, makubar ɗorawa na kare bango. Amma duk wannan hikima tana da sharaɗi: kowace shekara sai an sake yaɓe kafin ruwa ya sauka, kuma yaɓen gida mai zaure uku ya fi ƙarfin iyali ɗaya.

To, su wa ke yi? A Fanisau, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819, ya kafa ribaɗi da gidan sarauta, gandun da bayi ke nomawa ne ke kewaye da gidan. Haka tsarin yake a da a yawancin ƙasar Hausa: bayi, barori da gayyar talakawa. Bauta ta kau, sannan farin 1973 da na 1984 suka ƙara tura samarin Adar cin rani zuwa Najeriya da Abijan. Mai kwaɓa ƙasa ya tafi.

Wani zai ce ai ƙasa ce ba ta da ƙarko, gara siminti da kwano. Masallacin Yama, nan jihar Tawa, ya ƙaryata haka: magini Falke Barmu ya fara shi da ƙasa a 1962, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ya kuma ɗore domin jama'a na da dalilin kula da shi. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa gidan da gumin bayi ya raya bai cancanci kuka ba. Da gaskiyarsa, kuma ba mai fatan gandu ya dawo. Sai dai gwanintar bakan gizo ta magina ce, ba ta sarki ba, kuma ana iya ba gini sabon aiki. A Dandaji an gyara tsohon masallacin da ya lalace, wanda shi ma aikin Falke ne, aka mai da shi ɗakin karatu a 2018.