Teɓa da Baƙin Ciki, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Mai gida, saurara. A ɗakin shan magani inda nake aiki, nan wajen Ƙofar Guga cikin birnin Katsina, nakan ga magidanci ya zo da kukan kasala. Ba ya barci, ba ya sha'awar gona ko hira, ransa a ɓace kullum ba dalili. In na auna shi sai in tarar jininsa ya hau, sukari ya yi yawa, ga tumbi. Shi yana zaton cuta biyu ce. Sau da yawa kuwa tushensu ɗaya.

Ga yadda abin yake. Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama mai fid da sinadari, sunansa kotizol. In damuwa ta daɗe sai ya yi yawa, ya ƙara sukari cikin jini, ya ta da jini, ya tara kitse a ciki. Shi kuma kitsen ciki ba kwance yake kawai ba. Yana zuba waɗansu abubuwa cikin jini masu taɓa ƙwaƙwalwa, su rage wa mutum walwala. Wanda ransa ya ɓaci kuwa ba ya motsa jiki, yakan manta shan magani. Watau wannan ya jawo wancan, wancan ya ƙara wannan. Likitoci sun gano mai ciwon sukari ya fi sauran mutane kamuwa da ciwon baƙin ciki wajen ninki biyu.

To, me za ka yi?

1. Ari tef ɗin tela ka auna cikinka dab da cibiya. In ya kai inci 37 ga namiji, ko 31 da rabi ga mace, a yi hattara.
2. Je a auna jininka da sukarinka da safe kafin ka karya. Jini 130 bisa 85, ko sukari 100, gargaɗi ne.
3. Yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako.
4. Rage sukari a shayi da fura, rage lemon kwalba da soye-soye. Gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya. Yawaita wake da zogale da rama.
5. In baƙin ciki ya wuce mako 2, gaya wa malamin asibiti. Ba abin kunya ba ne, ba kuwa hauka ba ne. Yana da magani.

Waɗansu magungunan ƙwaƙwalwa suna sa ƙiba. Kada ka bari da kanka, gaya wa likita ya duba.

In wani naka, ko uwargida, ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada ku kwana. Ku kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Katsina, ran nan. Rigakafi ya fi magani.