Ɗaki Ɗaya, Mutum Bakwai: Ina Za A Sa Kaya?

Kwanakin baya na je Sabon Birni gaisuwa, na sauka wurin wani iyali mutanen Gatawa. Dā suna da gida mai ɗaki huɗu, da rumbu biyu, da turken awaki. Yanzu kuwa ɗaki ɗaya suke haya, su bakwai: tsohuwa, da matar ɗanta, da yara biyar. Maigidan a shagon wani yake kwana. Na auna ɗakin da ƙafata, tsawonsa taki huɗu, faɗinsa uku da ɗan abu. Duk da haka na sami wurin zama, har na miƙe ƙafa.

Ba su kaɗai ne cikin wannan hali ba. Tun da 'yan bindiga suka dami gabashin Sakkwato, ƙauyuka da yawa sun watse. A 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Wanda ya bar garinsu, rumbu ba ya bin sa. Hatsin da dā yake bayan gida, yau tare da yara yake kwana.

Na tambayi tsohuwar, na ce, "Inna, ina kuka sa kayanku?" Ta nuna mini rufin ɗaki da sandarta, ta ce, "Malam, ƙasa ta masu barci ce. Kaya su hau bisa."

Da na ɗaga kai sai na ga ragaya shida reto a jikin azara. Ragaya ba sabon abu ba ce, kakanninmu da ita suka tsare nono da fura daga kyanwa. Mu ne muka yar da ita sa'ad da kabad ya shigo. Ba ta cin ko kwabo. A sami igiya huɗu, ta kaba ko ta rama, ko a warware tsohon buhu a tufka zarensa. Kowace igiya ta kai gaba biyu. A ɗaure su wuri ɗaya a gindi, sa'an nan a riƙa ƙulla su biyu biyu har su zama raga wadda za ta rungumi kwano ko ƙwarya. Ɓera yana bin igiya ya sauko, saboda haka a huda murfin babban gwangwani a tsakiya, a zura shi a igiyar daga sama, a yi ƙulli a ƙarƙashinsa. In ya taka murfin sai ya karkata da shi. Amma kafin a rataya kome, a ƙwanƙwasa azarar a ji ko gara ta cinye cikinta, kada kuma a rataya abu mai nauyi daidai kan inda yara suke kwana.

Ta kuma rataya gora ɗaya da igiya biyu a jikin bango. Da safe tabarmi da gidan sauro da zannuwan rufa duk can suke hawa. A bayan ƙofa akwai tsohon buhun shinkafa da aka ɗinka wa aljihu biyar da basilla, kowane yaro da nasa: littafi, fensir, mataji, soso. Wannan dabara na kwashe ta na kai ajina, tun daga ran nan kuwa ƙarar "an ɗauke mini fensir" ta ragu ƙwarai.

Abin da ya wajaba ya zauna a ƙasa, kada ya taɓa ƙasar. A ɗora akwati ko adudu bisa bulo ko duwatsu, a bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, gama ta nan gara take bi. Kwali kuwa abincin gara ne, kada a amince masa da tufa ko littafi. Busasshen ganyen dogon yaro a tsakanin tufafi yana taimako wajen korar ƙwari.

Batun jere sai in yi a hankali, don ina da mata a gida. Jere darajar mace ne, na sani. Amma kwanuka talatin a shimfiɗe suna cin wurin kwanan yara biyu. Matar gidan nan ta zura ƙarami cikin babba, ta ɗaure su cikin zane, ta bar biyar na amfanin kullum. Ba ta sayar da ko ɗaya ba.

Yanzu ga babbar magana, watau abinci. Iyalin da ya sami wake mudu arba'in da kaka, ko daga gona ko daga hannun 'yan'uwa, yana so ya kai shi bazara sa'ad da tsada take tashi. Ƙwaron wake kuwa tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar. Wata biyu ko uku cikin buhu, sai ka buɗe ka tarar da huji da gari. Mutane da yawa sukan sa wa buhun ƙwayar nan ta Phostoxin. Ya mai karatu, ka ji wannan da kyau: ƙwayar nan iska mai dafi take fitarwa, iskar kuwa tana ratsa buhu. A sito aka yi ta a yi amfani da ita, inda ba mai kwana. A ɗakin barci tana iya kashe mutum, yara ne kuma take fara kayarwa. Haka nan fiya-fiya, ba a zuba ta a abinci ko kaɗan.

Akwai hanyar da ba ta bukatar dafi. Ƙwaro mai rai ne, yana numfashi kamarmu. In an toshe masa iska, sai ya shanye 'yar wadda ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. A kan wannan ne masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu binciken noma na ƙasashenmu, suka fito da buhun PICS, wanda aka soma yaɗa shi a Nijar da maƙwabtanta a 2007. Buhu uku ne cikin juna: leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A zuba wake a ledar ciki, a matse iska, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka, sa'an nan na waje. Kowanne da ɗaurinsa dabam. In ba huji, ana iya sāke amfani da shi wata shekara. Abokin gābansa ɓera ne, don haka shi ma sai bisa bulo, nesa da bango.

Wanda bai sami wannan buhu ba, jarkar man girki mai lita 25 ta isa. A wanke ta, ta bushe sarai. A cika ta da wake har baki, ana jijjigawa don ya zauna, a shimfiɗa leda a bakin kafin a murɗa murfi. Jarkar da ba ta cika ba ta bar wa ƙwaro iska. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa, ba ta abinci ba ce har abada. Kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Na cin mako a ɗebe shi dabam tun farko.

Sharaɗi ɗaya ne: hatsin ya bushe. Ga yadda ake gwadawa. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci, a sāke girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mai da shi rana.

Tumatir da gauta da alayyafo kuma, akwai dabarar tukunya cikin tukunya wadda Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar Rolex a 2000. Ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a bisa. Da rani take aiki sosai, da damina ba ta cika sanyi ba. Wurinta inuwa a bakin ƙofa, inda iska take kaɗawa.

Kananzir a kwalbar lemo, yaro lemo yake gani. Shi da magunguna da ashana su sami ragaya tasu, mafi tsawo a ɗakin.

Saura takardu, abin da ya fi damuna ni malami. Yara sukan zo makarantarmu daga garuruwan da suka watse, ba takardar haihuwa, ba sakamakon jarrabawa. Wata yarinya da ta kai aji biyar sai da ta zauna wata guda a aji uku kafin mu gane matsayinta, ta yi ta kuka. Tukunya in ta fashe a sayi wata, amma takarda sai an sha yawon ofis, wani lokaci ma ofishin ba ya nan. A tara su duka: takardar haihuwa, katin rigakafi, katin baftisma, katin ɗan ƙasa, takardar gona. A naɗe cikin leda biyu, a sa a babban gwangwanin madara mai murfi. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki kowace a aika wa ɗan'uwa a wani gari.

Gwangwanin Inna yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, an ɗaura masa igiyar saɓawa a kafaɗa, da 'yar tocila a jiki. Na tambaye ta don me ba ta ɓoye shi cikin akwati ba. Ta ce daren da suka fito daga Gatawa ba wanda ya tsaya neman mabuɗi. Ta kira babbar jikarta, mai shekara goma sha biyu, ta ce, "In an ce a tashi, me za ki ɗauka?" Yarinyar ta ce, "Gwangwani da Auta."