Tankin da kake gani a TikTok zai iya yi maka kindirmo

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, wataƙila ka ci karo da Turawa suna haɗa tankin silba a gareji don tsima giya. Wannan kam ba tamu ba ce: addini ya hana, dokar Kano ma ta hana, Hisbah kuma tana fasa kwalabe. Amma kar ka yi saurin wuce bidiyon, tankin kansa jari ne.

Ai kindirmon da matan Fulani ke kawowa kasuwannin Rano da Kibiya ma tsimi ne. A dafa madara, ta huce, a zuba ɗan tsohon nono, ta kwana a ƙwarya. Sai dai in lita 30 kake son yi kullum, ƙwarya ba za ta kai ka ba.

Nemi silba mai lamba 304, domin tsami yana cin dalma. Duron da ba ka san abin da ya taɓa ɗauka ba kuwa, bar shi ko kyauta ne. Inda aikin yake shi ne walda. Ka dage mai walda ya yi da agon, ya goge cikin sumul. Duk ɗan ramin da ya bari, nan madara za ta maƙale ta ruɓe, ta ɓata maka zubi na gaba, ga asara ga ciwon ciki ga masu saye. Famfon ƙasa ya zama mai faɗin baki, tunda kindirmo na da kauri.

Ka dafa madarar ta kai digiri 85, ta sauko 43, ka zuba tsohon nonon, ka rufe awa 6 zuwa 8. Da hunturu ka lulluɓe tankin da bargo.