Arlit: Wa zai raini yaran tamaula bayan kamfanoni sun ja baya?

Duk wanda ya san garin Arlit da ke jihar Agadez a Jamhuriyar Nijar, ya san cewa gari ne da ma'adinin yuraniyom ya haifa. Kafin shekarar 1969 babu wani gari a wurin, sai hamada da makiyaya masu ratsawa da raƙumansu. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya soma fitar da ma'adini a 1971, daga bisani aka kafa COMINAK a 1974, wanda ya soma aiki a mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akuta a 1978, ya kuma gina wa ma'aikatansa garin Akokan. Daga nan ne jama'a suka riƙa kwararowa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dosso, har ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Arlit sun kusa 80,000.

Kamfanonin nan biyu su ne suka gina gidajen ma'aikata da asibitoci, suka kawo ruwa da lantarki da wuraren shaƙatawa da wasanni. A ƙarƙashin wannan inuwa ce ƙwallon ƙafa ya yi jijiya a garin. Ƙungiyoyi biyu da suka fi yin suna, wato Akokana da Urana, sunayensu kaɗai sun isa su gaya wa mai karatu inda suka fito: ɗaya ta ɗauki sunan Akokan, ɗayar kuwa sunan ma'adinin kansa. Dukansu sun buga a rukunin farko na gasar ƙasa, kuma a 2001 Akokana ta ɗauki kofin ƙalubale na Nijar, abin da a lokacin ba kasafai ƙungiyar da ke wajen Yamai take samu ba.

Idan masu karatu ba su manta ba, Amadou Moutari, wanda aka haifa a Arlit a 1994, daga Akokana ya fito. Yana cikin tawagar Mena da ta je gasar cin kofin nahiyar Afirka a karon farko a 2012, daga nan ya wuce Le Mans da Metz a Faransa, sai Anzhi ta Rasha, sannan Ferencvaros ta ƙasar Hangari. Wannan ya isa shaida cewa yaron da ya tashi yana buga ƙwallon tsumma a turɓayar Arlit zai iya kaiwa ko'ina, muddin ya samu mai riƙe hannunsa.

To sai dai inuwar da aka saba fakewa a ƙarƙashinta tana ta raguwa. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK, inda ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu aikin kwangila. Aikin Imuraren da aka sa wa rai an dakatar da shi tun tsakiyar shekarun 2010, kuma a watan Yuni 2024 gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisinsa daga kamfanin Orano na Faransa. A watan Yuni 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. A ɗaya gefen kuma, tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samari da dama suka fi ganin riba a ramin haƙa fiye da filin wasa. Abin tambaya a nan shi ne, wa zai ɗauki nauyin rainon ƙananan 'yan wasa a garin da ke da nisan kimanin kilomita 1,200 daga Yamai, inda zuwa wasa ɗaya a waje kan cinye kwanaki da kuɗin mota da na abinci da na masauki?

Gemun ɗan'uwa

Arlit ba shi ne garin ma'adini na farko da ya shiga irin wannan hali ba. A yankin tagulla na ƙasar Zambiya, mahaƙai ne suka riƙe manyan ƙungiyoyi irin su Nkana da Mufulira Wanderers da Nchanga Rangers. A Mufulira ne Kalusha Bwalya ya tashi, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1988. Da aka sayar da mahaƙan ga 'yan kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000, tallafi ya ja baya, ƙungiyoyin suka shiga wahala, har Mufulira Wanderers mai tarin kofuna ta faɗa rukuni na ƙasa ta kwashe shekaru a can. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani misalin da ya fi ba mu sha'awa ya fito ne daga wani wasa da ba a san shi sosai a ƙasar Hausa ba, wato besbol, wanda ɗan wasa ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya doke ta da kulki ya ruga yana zagaya kusurwoyi huɗu. A Jamhuriyar Dominika da ke yankin Karibiyan akwai wani gari mai suna San Pedro de Macoris, wanda masana'antun sukari suka raya kamar yadda yuraniyom ya raya Arlit. Masana'antun suna da ƙungiyoyin wasa na leburorin rake, kuma daga wannan yanki ne aka samu taurari irin su Sammy Sosa da Tony Fernandez da Robinson Cano. Yaran unguwanni a can sukan koyi wasan ne da sandar tsintsiya da murfin jarkar ruwa, kamar dai yadda namu ke naɗe tsumma da leda su yi ƙwallo.

Da kasuwar sukari ta karye, wasan bai mutu ba, domin ƙungiyoyin babbar gasar Amurka sun shigo sun buɗe makarantun horo. Ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Angeles ta buɗe tata a 1987, kuma daga baya dukkan ƙungiyoyi 30 na gasar suka kafa nasu a ƙasar. Sai dai abin ya zo da nasa dafin. Da yake ana iya sa hannu da yaro tun yana ɗan shekara 16, dillalai masu zaman kansu suka riƙa ɗauke yara daga makaranta tun suna ƙanana, su horar da su, sannan su yanki kaso mai tsoka daga kuɗin da aka biya yaron. Aka samu matsalar rage shekaru da ba yara ƙwayoyin ƙara kuzari. Mafi yawan yaran ba sa kaiwa babbar gasa, sai su koma gida ba wasa ba karatu. Darasin da ke nan a fili yake: idan gari bai tsara rainon yaransa ba, dillali zai tsara masa, kuma dillali aljihunsa yake dubawa.

Takarda kafin takalmi

Abu na farko da ya kamata iyaye da masu horarwa a Arlit da Akokan da Cirozerin su kula da shi shi ne takardar haihuwa. A 2011 wata ƙungiyar yara 'yan besbol daga Kampala ta ƙasar Uganda ta samu gurbin zuwa gasar yara ta duniya da ake yi a Williamsport ta Amurka, amma aka hana su izinin shiga ƙasar saboda saɓanin da aka gani a takardun shekarunsu. Sai a 2012 wata ƙungiyar daga Lugazi, shi ma garin masana'antar sukari, ta samu zuwa, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga gasar.

A ƙwallon ƙafa ma haka abin yake. Tun 2009 hukumar FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance shekarun 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ce ta fitar da su, alhali su ne ke riƙe da kofin duniya na 2015. Wannan tawaga ta Nijar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka a Gabon a 2017, ta je gasar duniya a Indiya, ta doke Koriya ta Arewa da ci 1 da nema, ta kai zagaye na biyu kafin Ghana ta cire ta. Uban da ya yi wa ɗansa rajistar haihuwa a kan lokaci ya yi masa abin da ya fi sayen takalmi, wanda kuwa ya yarda aka rage wa ɗansa shekaru ya haƙa masa rami ne.

Abu na biyu shi ne rajistar yaro a ƙungiya. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuwa rabin kashi ɗaya. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17 tana da kashi 2 cikin 100. Idan aka sayar da shi a kan Yuro miliyan ɗaya, rabonta Yuro 20,000 ne, wato sama da miliyan 13 na sefa, kuma za ta sake samun rabo duk lokacin da aka sake sayar da shi irin wannan ciniki. Amma wannan kuɗi ba ya zuwa sai in sunan yaron yana rubuce a hukumar FENIFOOT a ƙarƙashin ƙungiyar. Mai horarwar unguwa da ya kwashe shekara biyar yana wahala da yaro ba tare da rajista ba, ya yi wa wani noma ne. Ya kamata kuma iyaye su sani cewa dokar ta haramta kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa domin wasa, sai a wasu 'yan sharuɗɗa. Don haka duk wanda ya zo yana neman kuɗi da sunan zai kai ɗan shekara 15 Turai, a yi hattara da shi.

Filin da ake wasa

Abu na uku shi ne lafiyar yaran. A watannin bazara zafin Arlit kan haura digiri 40, saboda haka horon yara da sassafe ne ko bayan la'asar, tare da ruwan sha a bakin fili. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya buƙatar babban fili da gudun zagaye goma. Ƙaramin fili da 'yan wasa biyar ko bakwai a kowane ɓangare ya fi masa amfani, domin zai fi yawan taɓa ƙwallo, ya koyi tarewa da miƙawa da ƙafafu biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya matsa masa fiye da kima zai karya shi.

Akwai kuma batun da ya keɓanta da garuruwan yuraniyom. A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta samu tururin ma'adini da ya zarce ƙima nesa ba kusa ba, kuma mahaƙar COMINAK ta bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, wanda kamfanin ya ɗauki alkawarin rufewa. Yaran da ke wasa ba takalmi suna shaƙar ƙura sun fi kowa kusanci da ƙasa. A ganinmu, auna kowane filin wasa na unguwa da na makaranta aiki ne da bai fi ƙarfin hukuma ba, kuma haƙƙin iyaye ne a gaya masu sakamakon.

A wuyan wa nauyin yake?

Tunda SOMAIR ya dawo hannun ƙasa, babu sauran damar a ce baƙi ne suka ƙi. Dokar ma'adinai ta Nijar ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗaɗen shigar ma'adinai domin ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar. Ko ɗan abin da aka tsakura daga ciki zai iya biyan kuɗin horar da malaman wasanni su samu takardar shaidar koyarwa, ya sayi ƙwallaye, ya kuma ɗauki nauyin gasar makarantu tsakanin Arlit da Akokan da Cirozerin da Ingal da Agadez, yadda yara za su samu wasa a kai a kai ba sai an jira tafiya Yamai ba. Ita kuma FENIFOOT, da take karɓar tallafin raya wasa daga FIFA, ya dace ta tuna cewa Nijar ba ta tsaya a bakin kogin Kwara ba.

Su ma tsofaffin 'yan wasan Akokana da Urana da tsofaffin ma'aikatan mahaƙa da ke zaune a gari suna da rawar takawa, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sharaɗi ɗaya da muke roƙon kowane mai horarwa ya kafa shi ne, yaron da bai je makaranta da safe ba, kada ya taɓa ƙwallo da yamma. Cikin yara ɗari da ke fili, ƙalilan ne za su ci abinci da tamaula, amma dukansu za su girma su nemi abin yi. Allah Ya raya mana su, Ya sa masu iko su ji.