Yadda Sanyi Ke Fasa Bututun Ruwa da Hanyoyin Rigakafinsa

A tsakiyar watan Fabrairu na shekarar 2021, wani matsanancin sanyi ya sauka a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, jihar da aka fi sani da zafi. A ranar 16 ga watan, ma'aunin zafi ya nuna digiri 19 ƙasa da sifili na Santigired a yankin birnin Dalas. Wutar lantarki ta yanke wa gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4, ɗakuna suka huce, ruwa ya daskare cikin bututu. Da sanyin ya lafa, sai ruwa ya riƙa kwararowa daga rufi da bango, domin bututan sun riga sun tsage. Mutane fiye da miliyan 14 suka shiga matsalar ruwan sha, wasu har sai da suka narkar da dusar ƙanƙara don wanke ban-ɗaki. Hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka rasa rayukansu sanadiyyar wannan sanyi.

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa zai yi mamakin wannan labari, domin hunturunmu, duk da kaifinsa, iyakarsa ya fasa leɓe da diddige. To, ta yaya ruwa, mai laushin da ba ya riƙuwa a tafin hannu, zai tsaga jan ƙarfe?

Baƙon halin ruwa

Yawancin abubuwa sukan kumbura in sun ji zafi, su tsuke in sun ji sanyi. Ruwa ma yana bin wannan ƙa'ida, amma zuwa digiri 4 kawai. Daga nan sai ya juya hali ya fara kumbura, kuma idan ya daskare a sifili girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ke nan lita 10 ta ruwa takan koma kusan lita 11 ta ƙanƙara.

Dalilin yana cikin ƙirar ƙwayoyin ruwa. Kowace ƙwaya haɗuwa ce ta zarra biyu na haidurojin da zarra ɗaya na oksijin. Muddin ruwa yana ruwansa, ƙwayoyin suna cunkushe ne, suna zamewa a jikin juna kamar jama'a a ranar kasuwa. Da zarar ya daskare, sai su jeru sahu-sahu cikin siffa mai kusurwa shida, a sami fili tsakaninsu. Wannan fili shi ne ƙarin girman, shi ne kuma ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa maimakon ta nutse. Da ba don haka ba, tafkunan ƙasashen sanyi da sun riƙa daskarewa tun daga ƙasa, kifayen ciki su halaka.

Masana sun daɗe da lura da ƙarfin wannan kumburi. A birnin Fulorans na Italiya, wata ƙungiyar masu bincike mai suna Accademia del Cimento ta cika ƙwallayen ƙarfe da ruwa, ta toshe su, ta daskarar da su har suka fashe, ta kuma buga sakamakon a shekarar 1667. A shekarar 1805 Thomas Charles Hope, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Edinbara, ya bayyana gwajin da ya tabbatar da cewa ruwa ya fi nauyi a wajen digiri 4.

Inda bututu ke fashewa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙanƙarar ce take tura bangon bututu har ya tsage a daidai inda ta taru. Binciken da aka yi a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka a shekarun 1990 ya nuna cewa yawanci al'amarin ya bambanta da haka. Ƙanƙara takan fara toshe bututu a wuri guda, sa'an nan ta ci gaba da girma a tsawonsa. Ruwan da ke bayanta yana da mafita, domin yana iya komawa babban bututun gari. Amma wanda ke tsakaninta da famfon da aka rufe ba shi da wurin zuwa, ga shi kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Sai ƙanƙarar ta riƙa danna shi, matsi ya yi ta hauhawa har bututun ya ɓalle a inda ya fi rauni, wani lokaci nesa da ƙanƙarar.

Wannan ne ya sa mai gida ba ya ganin ɓarnar nan take. Toshewar ƙanƙarar tana tare ruwa, sai ranar da ta narke ambaliya ta bayyana. Binciken ya kuma nuna cewa haɗarin yakan tsananta ga bututun da ba a lulluɓe ba idan sanyin waje ya kai wajen digiri 7 ƙasa da sifili.

Rigakafi ya fi magani

Mataki na farko yana hannun magini. Sanyi yana ratsa ƙasa ne zuwa wani zurfi kawai, don haka a ƙasashe irin su Kanada akan binne bututu ƙasa da wannan iyaka, a wasu garuruwan fiye da mita 2. A birnin Yakutsk na Rasha kuwa, inda ƙarƙashin ƙasa ke daskare rani da damina, ana shimfiɗa bututan ne a sama, a naɗe su da abin tare sanyi. Gidajen Teksas da yawa an gina su ne da tunanin zafi, bututansu na bi ta cikin rufi da bangon waje, inda sanyi ke samun su kai tsaye.

Mataki na biyu na mai gida ne. Kafin hunturu ya shigo akan lulluɓe duk bututun da ke fili da soso ko makamancinsa, a toshe kafofin da iska ke shigowa. Lulluɓi ba ya samar da zafi, jinkirta fitarsa kawai yake yi, kamar yadda bargo ke yi wa mai barci. Saboda haka ana son kada ɗumin gida ya sauka ƙasa da digiri 13, ko da babu kowa a ciki. Akan kuma buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya kai ga bututu.

A daren da sanyi ya yi tsanani akan bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Hikimar a nan ita ce, ko da ƙanƙara ta toshe bututun, ruwan da aka danna yana da mafita, matsi ba zai taru ba. Wanda zai yi doguwar tafiya kuwa, sai ya rufe makullin da ke shigo da ruwa gidan, ya buɗe dukkan famfuna har bututan su tsiyaye. Bututun roba mai lanƙwasuwa ya fi na jan ƙarfe jure kumburi, amma shi ma yana iya fashewa, musamman a mahaɗarsa.

Idan ruwan ya riga ya daskare

Alamar farko ita ce a murɗa famfo ruwa ya ƙi zuwa, ko ya zo siriri. Sai a bar famfon a buɗe, a nemo inda ya daskare, a duba ko akwai tsaga. In akwai, a rufe babban makulli nan da nan, a kira mai gyaran famfo. In babu, a ɗumama bututun sannu a hankali da tawul da aka jiƙa da ruwan zafi ko da na'urar busar da gashi, a fara daga ɓangaren famfo zuwa baya, domin ruwan da ya narke ya sami hanyar fita. Kada a taɓa na'urar lantarki ana tsaye cikin ruwa. Kada kuma a kusanto da harshen wuta, domin gobara da yawa ta nan take tashi. Haka nan kada a hura gawayi ko a tayar da janareta cikin rufaffen ɗaki, saboda gubar hayaƙinsu marar wari ta kashe mutane a Teksas a 2021.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wannan darasi ba tare da tsada ba. A zuba ruwa cikin gorar roba zuwa kashi uku cikin huɗu, a yi alama a iyakarsa, a tsayar da ita a firiza ta kwana. Da safe ɗalibai su auna inda ƙanƙarar ta kai, su lissafa ƙarin. Kada a yi amfani da kwalba, domin duk wanda ya taɓa mantawa da kwalbar lemo a firiza ya san yadda take tarwatsewa. Ɗalibin da ya fahimci abin da ya faru cikin wannan gora, in karatu ya kai shi Rasha ko Kanada wata rana, zai san dalilin da ya sa mai masaukinsa ya nuna masa makullin ruwan gidan tun kafin hunturu ya kama.