Mai Lambu a Fadamar Kabi: Ka Fara Lissafi Daga Watan Maris

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a watan Janairu zai ga fadamar Gulbin Rima ta yi kore shar, ga fangalin albasa, ga tumatir, ga injin ban-ruwa yana ta kuka. Idan ya sake bi a watan Afrilu zai tarar da wasu lambunan da ganye lif, amma ba ɗa ko ɗaya a jikin tumatir. Masu irin waɗannan lambuna sun yi aiki, sun sayi iri da taki da fetur. Lokaci ne kawai ya kuɓuce masu.

Lambun rani a wannan yanki yana tsakanin abu biyu ne, ruwan ambaliya a bayansa, zafin bazara a gabansa. Damina takan kankama a watan Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba, amma ɗaukewar ruwan sama ba ita ce bushewar fadama ba. Ruwan da ke kwanciya a fadamar Argungu daga nesa yake zuwa, daga ƙasar Zamfara da Katsina har da Maraɗi, ya haɗu a gulaben Rima da Sakkwato, ga kuma abin da ake sakowa daga madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo. Shi ya sa gulbi kan cika ya batse a Satumba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010 da ta 2020, wuraren da ke kwari kuwa ba sa shiguwa sai Nuwamba ko ma bayan haka.

Ta ɗaya gefen, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai awo 40 har ya wuce. Tumatir kuwa, da zarar zafin rana ya haura awo 35, dare kuma ya daina sanyi, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba, kome yawan ruwan da aka ba shi. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan iri ko taki, alhali zafi ne.

To, ga lissafin. Irin tumatir yakan yi kamar mako 4 a wurin reno kafin dashe, ya fara fure kimanin wata guda bayan dashe, a soma tsinka bayan mako 10 ko kusa da haka. Wanda ya yafa iri a tsakiyar Satumba zai dasa a tsakiyar Oktoba, ya sami na miyar Kirsimeti daga lambunsa, ya kuma kai kasuwa tun kaya ba su yi yawa ba. Wanda ya jira sai ƙarshen Disamba, furensa zai fito daidai bakin Maris, lokacin da sanyin hunturu ke ban kwana. A ganina, wanda sabuwar shekara ta same shi bai yafa irin tumatir ba, gara ya ajiye irin, ya ba wa filin wani abu.

Mai karatu zai ce, yaya za a yafa iri a Satumba alhali fadama tana cikin ruwa? Reno ba ya bukatar fadama. A yi shi a tudu, ko a bayan gida kusa da rijiya, a ɗaga ƙasar ta yi kamar taki ɗaya don kada ruwa ya kwanta, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gida, a yi mata 'yar rumfar kara saboda ruwan ƙarshen damina mai dukan tsiro. Kafin fadama ta tsane, dashen ya isa. Sai a fara da gefen da ya fi tudu, a riƙa bin ruwa yana ja da baya. Wannan ma yana da wata riba, domin dashen da aka yi kashi biyu ko uku, da tazarar mako biyu, ba ya nuna rana ɗaya, balle a kwashe shi duka a kai kasuwa a watan Fabrairu, lokacin da kwando ba ya mayar da kuɗin mota.

Albasa ta fi tumatir haƙuri da zafi, amma ta fi shi daɗewa. Tana cin mako 6 zuwa 7 a reno, sa'an nan wata 3 zuwa 4 a fangali. Tana son sanyi yayin da take yin ganye, zafi da bushewa kuma yayin da kai ke ƙosawa. Saboda haka a yafa a Oktoba, a dasa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, a cire a Maris. Mutanen Aliero ba su yi suna da albasa a banza ba, wanda ya sami hanya ya je ya ga yadda suke yi. Kabeji da karas da latas 'yan hunturu ne zalla, su shiga ƙasa a Nuwamba.

Bazara ba ta hana lambu, sauya kaya ake yi. Alayyahu, kuɓewa, yakuwa da kankana suna jure zafi muddin akwai ruwa, alayyahu ma cikin wata guda ake fara yankansa. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin shuka da buntun shinkafa ko bambaro, abin da ba ya wuyar samu a jihar da shinkafa ta cika.

Da damina kuma lambu tudu yake komawa. Kada yayyafin farko na watan Mayu ya ruɗe ku, sau da yawa yakan sauka sa'an nan a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, tsiro ya ƙone. A bari ruwa ya zauna a Yuni, a shuka kuɓewa, rama, lalo da kabewa a kan kunya. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen farkon damina da ƙarshenta a farkon kowace shekara, malaman gona na ƙaramar hukuma kuma sukan same shi, sai a tambaye su kafin a buɗe kullin iri.